Yadda Ake Mayar da Filin da Ciyawa ta Cinye Gonar Abinci a Kewayen Kumasi

Idan ka fita daga cikin Kumasi ta hanyar Ejisu, ko ta Offinso, ko ta Nkawie, ido ba ya rasa filayen da aka saya aka kafa musu turakun siminti, wani ma har an zuba harsashin gini, sai kuɗi suka yanke ko mai shi ya yi tafiya, ciyawa ta rufe wurin har ta fi mutum tsawo. Mu kuma a Aboabo da Asawase da Sabon Zongo kullum hannu na aljihu wajen sayen ayoyo da kuɓewa da barkono. Na daɗe ina karɓar aron irin waɗannan filaye ina nomawa. Wannan bayani na wanda bai taɓa yi ba ne, yana da ƙarfin jiki da ɗan lokaci, amma ba shi da kuɗin tarakta ko na buhunan takin zamani.

Abu guda nake so ka riƙe tun daga farko: dajin da ya rufe filin nan shi ne takinka. Shekarun da ya yi yana zubar da ganye su suka gyara ƙasar. Aikinka ka kwantar da shi ya ruɓe a inda ya tsiro, ba ka cinna masa wuta ba.

Kayan aiki

Adda ita ce gaba da komai. Ka sami mai nauyi, ka haɗa da dutsen washi ko zarton ƙarfe, domin adda mai dakushi ta fi mai kaifi yanke mutum: kana sara tana zamewa. Sai sanda mai ƙugiya, tsawon hannu, wadda za ka riƙa janye ciyawa da ita a hannun hagu kana sara da dama. Ba sayenta ake ba, a filin za ka yanko. Sai fartanya, da diga ko magirbi don tone saiwa, da shebur, da manjagara idan akwai. Igiya doguwa da turaku na awo. Buhunan banza na tara shara. Jarkokin ruwa, irin rawayen nan da ake kira da sunan Kufuor, ko tsohuwar ganga.

Na jiki kuma: takalmin roba mai tsawo har gwiwa, dogon wando mai kauri, riga mai dogon hannu, safar hannu, da hula. Takalmin nan kada ka yi masa rowa. In babu baro, buhu da kai sun isa. In babu diga, maƙera na nan, su yi maka magirbi da tsohon ƙarfen mota. Amma silifa ba ya maye gurbin takalmi a cikin saura. Idan ka daɗe rabonka da allurar rigakafin tetanus, ka je a yi maka kafin ka fara, saboda gwangwanaye masu tsatsa da ƙusoshi da ke kwance ƙarƙashin ciyawa.

1. Ka fara da mai fili, ba da adda ba

Babu fili a ƙasar Asante da ba shi da mai shi. Ko dai na kujerar sarautar gari ne, ko na dangi, ko wani ya saya ya riƙe takarda. Ka tambayi maƙwabta, su kai ka ga mai shi ko wakilinsa. Idan a ƙauye ne ka nemi dattijo ya raka ka gaishe da Nana, wato sarkin garin, ka kai abin gaisuwa yadda aka saba. Masu fulotin gini da yawa murna suke yi da manomi, domin fili mai shuka ba ya zama juji, kuma masu cin iyaka ba sa kusantarsa.

Ku yi magana a fili kan abu huɗu: shekara nawa, me za ka shuka, me za ka ba shi, da kuma wata nawa zai ba ka na sanarwa in ya tashi gini. Rabon amfani a nan yana da tsari sananne, abunu raba biyu ne, abusa raba uku, amma a fulotin cikin gari galibi ɗan kyautar masara da rogo ne kawai. Ko menene, a rubuta a takarda, shaidu biyu su sa hannu, ka ɗauki hotonta a waya. Na ga mutanen kirki sun ɓata da juna a kan rogon da saura wata uku ya nuna, ranar da tifa ta sauke yashi a kansa, kuma rashin takarda ne duk ya jawo.

Kada ka dasa koko ko lemu ko kwakwar manja a filin aro sai da izini a rubuce. Itace mai daɗewa ana yi masa kallon alamar neman mallaka. Ka kuma tambayi ranakun da ba a shiga gona. A ƙauyukan Asante da dama ba a taɓa ƙasa da fartanya ranar Alhamis, wasu wuraren kuma wata rana ce daban. Baƙo ne kai a ƙasarsu, ka kiyaye, ka mayar da ranar ta washin adda da neman iri.

2. Ka zagaya filin kafin ka sare ko kara ɗaya

Da safe, bayan raɓa ta ɗan bushe, ka sare 'yar hanya ta kewaye iyaka, da wata ta ratsa tsakiya. Kana tafe kana buga ƙasa da sanda a gabanka. Abin da kake nema: tsohuwar rijiya ko ramin masai da ciyawa ta rufe, gidan rina ko na ƙudan zuma, layin kwarkwasa, suri, da inda ruwa yake bi in an yi ruwan sama.

Ciyawar da ka tarar ita za ta ba ka labarin ƙasar. Inda ciyawar Acheampong, doguwar ciyawar nan mai ganye da ke mamaye saura, ta yi duhu ta yi tsawo, ƙasar tana da sauran ƙarfi, za ka samu saman ta baƙi da taushi. Inda tofa ce zalla, ƙasar ta gaji, ta sha wuta da noma, kuma aiki na jiranka. Inda ka ga aya-aya da ciyayi masu son danshi, ruwa na kwanciya da damina. Ka sa ido kuma ga abin da Allah ya shuka maka kyauta. A tsofaffin gonakin wannan yanki gwaza na fitowa da kanta da zarar rana ta taɓa ƙasa, haka gwanda da 'ya'yan agade da kwakwar manja. Ka ɗaura musu tsumma don kada adda ta ci su.

Sai ka haƙa rami a wuri uku ko huɗu, zurfin gwiwa. Ka duba kaurin baƙar ƙasar sama kafin a kai ga ja. In ta kai taƙi ɗaya, ka gode Allah. Ka cika ramin da ruwa da safe. Idan ka dawo da yamma yana nan tsaye, wurin ba na rogo ba ne sai an yi masa tudu, gwaza ta fi dacewa da shi.

Ga gargaɗi mai nauyi. Idan filin ya taɓa zama bola, ko garejin makanikai da ake zubar da baƙin mai da batura, ko ramin masu haƙar zinare na galamsey, kada ka shuka ganyen miya kai tsaye a ƙasarsa. Dalma da zaiba ba sa ruɓewa, kuma ido ba ya ganinsu. Ka ɗebi ƙasa daga wurare da dama, zurfin santimita 20, ka gauraya, ka kai kamar rabin kilo Cibiyar Binciken Ƙasa da ke Kwadaso a gwada maka. In hakan bai samu ba, ka yi shuka a buhuna da ƙasar da ka kawo daga wuri mai tsabta.

3. Lokaci, da kuma yawan abin da za ka buɗe

Kumasi damina biyu gare ta. Babbar tana sauka wajen Maris zuwa Afrilu ta kai Yuli, a ɗan sarara a Agusta, ƙaramar ta kama daga Satumba zuwa Nuwamba. Sassaben babbar damina a yi shi a Fabrairu zuwa farkon Maris, na ƙaramar kuma a farkon Agusta, ta yadda abin da aka sare zai samu mako uku zuwa huɗu yana kwantawa kafin shuka. Idan ka sare tun Disamba ka baza busasshiyar ciyawa cikin hunturu, ka shimfiɗa wa gobara abinci.

Fuloti mai ƙafa 100 da 100 kusan kwatar eka ne. Mai aikin kasuwa ko ofis da ke zuwa gona ƙarshen mako kada ya wuce rabin wannan a zangon farko. Sassabe daɗi gare shi, kwana biyu ka ga fili ya buɗe. Abin da ke kayar da sabon manomi shi ne noman firi da maimai, lokacin da ciyawa ke tasowa ta ko'ina a lokaci guda. Sauran filin ka bar shi da dajinsa, yana ci gaba da gyara ƙasa yana kuma ba ka ciyawar rufi, wato wadda za ka riƙa rufe ƙasa da ita.

4. Sassabe

Ka fara daga gefe ɗaya ka nufi ɗaya gefen, ka bar wa macizai da sauran dabbobi hanyar gudu. Kada ku kewaye fili ku sare zuwa tsakiya, nan ne komai zai taru. Idan ku biyu ne, ku bar tazarar taku biyar aƙalla tsakaninku. Ƙugiya ta kwantar da ciyawa, adda ta ci ta daga gindi, dab da ƙasa. Hannu kada ya shiga inda ido bai gani ba. Kasa, macijiyar nan mai dafi, ba ta gudu, kwanciya take yi cikin busasshen ganye, ita ce dalilin takalmin. In tsautsayi ya faɗa, ba tsaga, ba tsotsa, ba ɗaure da roba. A kwantar da mutum, a hana gaɓar motsi, a nufi asibiti nan take. In maciji mai tofi ya fesa a ido, a yi ta wankewa da ruwa mai yawa a kan hanyar zuwa.

Abin da ka sare ka kasa shi uku. Ciyawa da ganye da ƙananan rassa su kwanta a wurin, ka daddatsa su gajeru, ka baza su daidai har ƙasa ta ɓuya. Rassa masu kauri ka ware don turakun shinge da itacen girki. Leda da kwalba da gwangwani da batura su shiga buhu su bar filin, kuma ledar ruwan sha da ta nutse cikin ƙasa sai ka yi ta tsinta har shekara ta zagayo.

Manya-manyan itatuwa kada ka kayar da su duka. Ka rage rassan ƙasa rana ta samu shiga, ka bar ɗaya ko biyu a gefen yamma don hutawa da ajiye tulin taki.

Maƙwabcin gona zai zo ya ce maka, "Malam, sa wuta mana ka huta." Ga abin da ya sa ba na yi. Wuta tana ba ka toka, shukar farko ta yi kyau, shi ya sa ake son ta. Amma sinadarin da ke sa ganye kore yana tashi cikin hayaƙi, ƙasa ta zama tsirara, ruwan Afrilu mai ƙarfi ya kwashe tokar da baƙar ƙasar sama ya kai kwata. Tofa kuwa wuta na ƙara mata ƙarfi ne. Dattawanmu ba su manta 1983 ba, shekarar fari da gobarar daji da yunwa, kuma tun 1990 akwai doka kan tayar da gobarar daji. Idan wutarka ta tsallaka gonar kokon wani, kai za ka amsa. Manoman Asante na da tsohuwar al'adar sare daji a bar shi ya ruɓe, suna kiranta proka, kuma Dakta Kofi Boa ya gina cibiyar koyar da noma ba huɗa a kan wannan tushe a Amanchia, kusa da Nkawie. Wanda ya samu hali ya je ya gani da idonsa.

Abin da na yarda a ƙona kaɗan ne: ƙaya, da karara mai ƙaiƙayi, da ciyawar da ta riga ta yi 'ya'ya. A tara su wuri guda, a share kewaye taku uku har ƙasa, a yi da sassafe ko da yamma lis babu iska, da ruwa a kusa, kuma ba a tafiya sai ta mutu. Tokar ta je gindin agade.

Bayan mako uku ka durƙusa ka ɗaga rufin nan da hannu mai safa. Saman ya bushe ƙarau, amma ƙasan ya yi baƙi da laima, da fararen zare-zare suna bin kara, tana na nutsewa, ƙasar tana ƙanshi. Ka taɓa ƙasar da ke buɗe a gefe da tsakar rana ka ji zafinta, ka taɓa wannan ka ji sanyi. Daga ranar ba sai an sake roƙonka ka bar wuta ba.

5. Saiwoyi masu taurin kai

Ciyawar Acheampong sara ba ya kashe ta. Ƙarƙashin kowace akwai dunƙulen gindi, ka sare yau, mako biyu ta yi toho biyar. Bayan ruwan farko, ƙasa ta yi laushi, ka sa diga a gefen gindin ka ɓanɓaro shi, ka kaɗe ƙasar, ka kife shi saiwa sama rana ta gama da shi. Ganyenta taki ne mai kyau, yana saurin ruɓewa, amma ba abincin tumaki ba ne. Wadda ke gefen gona ka riƙa sare ta kafin ta yi fure da shigowar rani, domin iska ke ɗaukar 'ya'yanta.

Tofa ta fi wuya. Saiwarta na tafiya a ƙarƙashin ƙasa, tsininta yana huda rogo da doya, kuma duk guntun da fartanya ta yanke sabuwar tofa ce. Idan wurin kaɗan ne, ka tone da rani, ka tsince fararen saiwoyin da hannu, ka shanya su a kan dutse ko kwano har su bushe. Idan da yawa ne, inuwa ce maganinta. Ka sare ta ƙasa-ƙasa, ka shuka waken rufi da malaman gona ke kira mukuna, ɗan'uwan karara ne amma marar ƙaiƙayi, tazarar taku ɗaya tsakanin layi, ka taimaka masa da sara sau ɗaya ko biyu har ya rufe. Damina guda a ƙarƙashinsa tofa ta yi laushi sosai, ƙasa kuma ta samu taki. 'Ya'yansa ba na tukunya ba ne, ka ajiye su iri. Ka nemi irin wajen malamin gona na gundumarku. In bai samu ba, kabewa ko dankali ko wake mai yaɗo a shuka su da yawa suna yin rabin aikin.

Maganin feshin ciyawa ba na fara aiki da shi. Wanda tofa ta fi ƙarfinsa a babban fili, ya bari ta yi sabon toho, ya fesa a kanta kawai, ranar da babu iska babu hadari, da rufe hanci da jiki, nesa da rafi da rijiya. Robar maganin kuma a fasa ta, kada ta koma gida ta zama ta ruwa ko ta mai.

Manyan kututture ka bar su. Ka riƙa karye tohon da zarar ya fito, ka shuka a kewaye, gara da lokaci za su cinye.

6. Gangare da ruwa

Ƙasar Kumasi tudu da kwari ce, da wuya ka sami fili shimfiɗaɗɗe. Layin shuka ya gitta gangare, kada ya bi shi. Don samun layin da ya daidaita, ka ɗaure sanduna biyu masu tsawo ɗaya a sama, ka gicciya ta uku a tsakiya, ka rataya dutse da zare daga saman. Ka tsayar da shi a daɓen da ka san a daidaice yake, ka yi alama inda zaren ya taɓa sandar tsakiya. A gona, duk inda zaren ya dawo kan alama, ƙafafun biyu suna kan tsayi ɗaya, ka kafa turke, ka juya ka ci gaba. A kan layin turakun ka jera rassa da kara da duwatsu, kowane taku takwas zuwa goma, ko kusa da haka in gangaren ya yi tsanani. Daga baya ka dasa jema ko abarba a layin.

Wajen ban ruwa kuma, ruwan rafukan Subin da Aboabo da na kwatocin cikin gari ba na zuba wa ganyen da za a ci ba ne. Gara ka tari ruwan sama daga rufin kwano ko ka haƙa 'yar rijiya a gefen kwari. Idan filin na bakin rafi, ka bar ciyawar gaɓa yadda take.

7. Taki

Masara da rogo a sauran da ta huta za su iya shekarar farko da rufin nan kaɗai. Kayan miya su ke son ƙari. Kewayen Kumasi cike yake da gidajen kaji, kashinsu ba shi da tsada, aboboya ɗaya, wato babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, ya ishi ƙaramin lambu. Masu kiwon tumaki da shanu a zango kuma neman mai kwashewa suke.

Ɗanyen kashin kaji yana ƙona shuka. Ka yi tuli a inuwa: busasshiyar ciyawa taƙi ɗaya, ɗanyen ganye, kashin dabbobi, ɗan barbaɗin toka da ƙasa, yayyafin ruwa, ka maimaita har ya kai ƙugu. Faɗinsa taku biyu. Ka soka sanda a tsakiya, ka rufe da ganyen agade. Bayan kwana uku ka zaro sandar: in da zafi, aiki na tafiya. In sanyi da bushewa, ƙara ruwa da kashi. In wari da caɓi, ƙara busasshiyar ciyawa. Ka juya shi duk mako biyu ko uku, cikin wata biyu zuwa uku ya nuna. Garin katako ɗanye kada a gauraya shi cikin ƙasa, ganyen shuka zai yi rawaya. A kan hanyar tafiya tsakanin fangali ne wurinsa.

8. Shuka

Kada ruwan farko ya ruɗe ka. Ka jira a yi biyu ko uku masu kyau, ka tona ka ga laima ta kai tsawon tafin hannu.

Masara ce ta fara shiga. Ka ja igiya, ka buɗe rufin da bakin adda daidai wurin rami kawai, ka soka zurfin gaɓar yatsa biyu, ka jefa ƙwaya biyu ko uku, ka rufe ka taka. Santimita 80 tsakanin layi, 40 tsakanin rami. Kuskuren da aka fi yi shi ne jefa iri cikin ciyawar rufi bai taɓa ƙasa ba, ko kuma a mayar da rufi mai kauri a kan ramin. Bayan mako biyu ka rage su zama biyu a rami, ka cike inda bai fito ba. Irin Obatanpa, wanda Cibiyar Binciken Amfanin Gona ta Fumesua ta fitar a 1992, yana nuna cikin kwana 105 zuwa 110, ya dace da babbar damina. A ƙaramar damina ka nemi mai saurin nuna kamar Abontem, wanda ba ya wuce kwana 80. Ka sayi iri a shagon da aka sani, cikin ledarsa mai tambari.

Bayan masara ta yi mako biyu zuwa uku sai rogo ya shiga tsakanin layuka, mita ɗaya da mita ɗaya. Ka yanko kara daga gonar da ganyenta bai ƙanƙance ko ya yi dabbare-dabbare ba, tsakiyar karan, tsawon santimita 20 zuwa 25, mai ido biyar zuwa bakwai. Ka soka a karkace, kashi biyu cikin uku a ƙasa, idanun suna kallon sama. Shi zai riƙe filin bayan an karye masara, ya kai kamar shekara.

Agade a gefen iyaka da wuraren da laima ke daɗewa, mita uku tsakani. Ɗan da za ka dasa ka feƙe gindinsa da wuƙa har ya yi fari tas, ka yanke duk ramin tsutsa, ka tsoma gindin a tafasasshen ruwa daƙiƙa 30, kada ya wuce, sannan ya shiga rami da taki. In ya ɗauki kai ka tokare shi da gora, iskar farkon damina ba ta raga masa. Gwaza ta zauna a inuwarsa ta ba ka kontomire, wato ganyenta na miya.

Kusa da ruwa ka ware fangali uku ko huɗu, faɗin mita ɗaya don hannu ya kai tsakiya ba tare da an taka ba. Nan ne kawai nake yarda a juya ƙasa, a gauraya bokiti biyu na nunannen taki a kowane taku. Ayoyo da alefu da yakuwa su ne masu saurin shiga tukunya, mako huɗu zuwa shida ka fara yanka. Irin ayoyo yana da taurin ɓawo, ka ɗaure shi a tsumma ka tsoma a ruwan zafi 'yan daƙiƙu, ka shanya a inuwa, sannan ka gauraya da yashi ka yafa. Kuɓewa kai tsaye ake shukawa. Barkono da yalo da tumatir sai an rene su mako huɗu zuwa shida, a dasa da yamma. Kada ka yafa ayoyo duka rana ɗaya, kowane mako biyu fangali guda, in ba haka ba zai zo maka a lokaci ɗaya ya wuce.

9. Tsaro da noma

Awaki da tumaki za su riga ka sanin cewa yabanya ta fito. Shinge ya tsaya tun kafin shuka: turakun da ka ware, da gora ko ganyen kwakwa ko tsohuwar raga. Tsakanin turakun ka kafa sandunan zogale, su kama su zama shinge mai rai da ake ci. Gyazbi ba ya son fili a buɗe, don haka ka share taku biyu kewaye da shingen ta waje.

Mako shida na farko su ne gonar. Duk zuwa ka cire ciyawar da ta huda rufi tun tana ƙarama, ka kwantar da ita a wurin. Inda rufi ya yi sirara ka saro daga ɓangaren da ka bari ka ƙara, amma kada ya manne da karan shuka, saboda ruɓa da gara.

Tsutsar nan mai cin masara da ta shigo Ghana a 2016 tana nan har yau. Sau biyu a mako, da sassafe, ka leƙa cikin murɗin masara, inda sabbin ganye ke fitowa. Alamarta ganye mai huji-huji da kashi kamar garin katako a cikin murɗin. Ka murƙushe ƙwai da tsutsar da hannu, ka zuba ɗan yashi gauraye da toka cikin murɗin. In ta yi yawa, ka daka 'ya'yan dogon yaro, giram 50 a lita ɗaya na ruwa, su kwana a jiƙe, ka tace, ka sa ɗan sabulu, ka zuba cikin murɗin da yamma. Yana aiki ne tun tsutsar na ƙarama. In ta fi ƙarfin wannan, ka kira malamin gona ya gani kafin ka sayi magani.

10. Bayan girbin farko

Ka cire zangarniya ka kwantar da karan a wurin. Inda babu rogo, wake ko gyaɗa su biyo bayan masara a ƙaramar damina, masara ta dawo bayansu. Tumatir da barkono da yalo dangi ɗaya ne, cuta ɗaya ke kama su, kada ɗaya ya gaji fangalin ɗaya. Ka sa ayoyo ko wake a tsakani.

Obatanpa ana iya ajiye irinta. Ka zaɓi manyan zangarniyoyi daga tsakiyar gona, su bushe sosai, ka rufe a jarkar da iska ba ta shiga, amma bayan zango biyu ko uku ka sabunta, domin tana gauraya da ta maƙwabta. Kuɓewa da ayoyo ka bar 'yan gindi mafi kyau su tsufa su ba ka iri.

Da shigowar Disamba ka sake share layin kewaye, ka faɗaɗa shi taku uku saboda wutar mafarauta, ka ƙara rufi a gindin agade. A Fabrairu, in ka ga ɓangaren farko ya daina cin ƙarfinka, ka buɗe wani yanki daidai girmansa daga dajin da ka bari, ka fara da zagaye da sanda kamar yadda ka yi a mataki na biyu.